Daga Mayahi zuwa Maraɗi cikin mota mai yoyo

Wanda ya taso daga Mayahi zuwa Maraɗi cikin watan Agusta zai ga ƙasa ta yi kyau. Hatsi ya wuce kan mutum, wani wuri ma ya fara fidda kai. Wake ya shimfiɗu ƙarƙashinsa. A Gulbin Kaba, inda babu komi da rani sai rairayi da goruba, ruwa ya kwanta wuri-wuri, shanu na sha. Gawo kaɗai ya zubar da ganye ya tsaya tsirara tsakiyar gonaki, don shi haka Allah ya yi shi: yana tohuwa da rani, ya huta da damana, bai hana shuka rana. Gawo ya yawaita a wannan yanki tun da manoma suka kama sassaben zamani cikin shekarun 1980, suna barin ƴan itatuwa su girma cikin gona.

Tafiyar ta kai wajen kilomita 90. Ana bin kudu zuwa Cadawa. Nan ake hawa babbar hanyar kwalta wadda ta fito daga Yamai ta nufi Damagaram, sai a juya yamma zuwa Maraɗi. Amma mutanen ƙauyukan arewa da Mayahi, kafin su ga hanya mai kyau sai sun sha rairayi da kwazazzabai. Can ne har yanzu ake samun tsofaffin motoci waɗanda birni ya sallama.

Ɗaya daga cikinsu Peugeot 404 ce mai buɗaɗɗen baya, irin wadda ake rufe wa tamfol. Direbobi na ce mata kat-san-kat. Mutanen Nijeriya na kiran irinta a-kori-kura. An fara ƙera 404 a Faransa cikin 1960, mai ɗaukar kaya kuwa ta fito cikin 1967. A 1968 ƙanwarta 504 ta biyo baya. Daga 1975 aka soma haɗa Peugeot a Kaduna, kayan gyaranta suka cika kasuwannin Kano da Katsina, suna shigowa ta Jibiya da Ɗan Isa. An ci gaba da haɗa 404 a ƙasar Kenya har 1991. Ke nan ko wadda ta fi ƙuruciya cikinsu ta haura shekara 30. Yau Toyota da babura ƴan kabu-kabu sun karɓe yawancin hanyoyi. Amma a wasu garuruwa tsohuwar nan ce ke kai wake kasuwa, ita ke kawo buhun taki, ita ake tasa da tsakar dare in haihuwa ta zo wa mace da gardama.

Direban wannan motar dattijo ne. Karen mota ya fara yi cikinta, ya zama direba, daga baya maigidansa ya sayar masa da ita yana biya kaɗan-kaɗan. Ya san kukan injinta kamar yadda makiyayi ya san kukan saniyarsa. Injin lafiya lau yake. Ciwon motar wani wuri yake.

Hadari a hanya

An tashi da asuba ranar Litinin, don Litinin da Juma'a ne kasuwar Maraɗi ke ci. Baya cike da mutane da buhuna da awaki biyu. Gaba, kusa da direba, akwai wata tsohuwa da jikanta wanda za a kai asibiti, takardunsa na cikin ƙaramin akwatin da ke gaban kujera.

Ba a kai Cadawa ba hadari ya taso daga gabas. Iska ta fara, ƙura ta biyo, sai ruwa kamar da bakin ƙwarya. Mutanen baya suka ja tamfol suka lafe. Su ba su jiƙe ba. Na gaba ne suka jiƙe. Ruwa ya fara ɗiga daga kusurwar gilashin gaba, wanda direbobi ke kira parabiris, ta ƙasa wajen hannun dama. Ɗigo ya zama zirara. Ya bi bayan allon da ke gaban direba, ya sauka bisa ƙafafun tsohuwa. Direba ya miƙa mata tsumma, ya ce: "Inna, yi haƙuri, danna nan." Ta danna. Ruwa ya sake hanya ya fito ta hagu.

Jim kaɗan mashafin gilashi ya tsaya cak. Ruwa ya taɓa wayoyin wuta, fis ya ƙone. Direba bai ganin ko taku goma gabansa, ga manyan motoci na tahowa daga Maraɗi. Dole ya sauka gefen hanya ya jira. Da ruwa ya tsagaita aka buɗe akwatin, takardun yaron sun jiƙe, rubutun likita ya narke. An shiga Maraɗi bayan azahar, kasuwa ta yi nisa, mai awaki ya sayar yadda ya samu.

Ba yau yoyon ya fara ba. Damana uku ke nan direba na fama da shi. Shekarar farko ya cusa sabulu. Ta biyu ya narka kwalta ya shafa. Ta uku ya sayi wani farin danƙo na kwalba ya bi gefen gilashin da shi. Kowane ya riƙe sati biyu ko uku, sannan ruwa ya dawo ya fi na da.

Garin da ruwa ya taɓa kora

Mutanen Maraɗi sun san aikin ruwa. Katsinawan da suka baro Katsina farkon ƙarni na 19 cikin kwari suka kafa garin, bakin Gulbi. A 1945 Gulbi ya cika ya ci gari, aka tashi aka hau tudu. Shi ya sa titunan sabon garin suke a miƙe, an auna su kafin a yi gini. Cinikin gyaɗa ne ya fara kawo motoci da yawa. Da gyaɗa ta faɗi bayan farin 1973 da 1974, alhazan garin suka ƙara ba da ƙarfi ga fatauci da Nijeriya da sufuri. Inda mota ta yawaita kuwa, masu gyaranta na yawaita.

Bayan tasha da gefen manyan tituna akwai garejoji barkatai. Gareji a nan ba wani gini ba ne: fili ne, da inuwar bedi, da rumfar kwano, da ƙasa wadda baƙin mai ya rina. Kowa da sana'arsa. Akwai makanike mai inji, akwai mai wayoyin wuta, akwai mai faci, akwai mai walda da bugun jikin mota, akwai mai fenti. Gawarwakin motoci na jere jikin katanga, kaji na ƙwai cikinsu. Kada a raina su. Su ne kantin tsofaffin motoci. Tun da darajar sefa ta faɗi cikin Janairun 1994, kayan da ake sayowa daga Faransa suka ninka kuɗi, sai matacciyar mota ta zama ita ke rayar da mai rai.

Mai waldar da direba ya nufa tsoho ne, yana da yara almajirai huɗu. Bai tambayi komi ba tukuna. Ya sa yaro ɗaya ya zauna cikin mota, ya ba wani buta. Ya ce a fara zuba ruwa daga ƙasan gilashi, a hau sama sannu-sannu. Dalilinsa shi ne, in aka fara daga sama, ruwa zai jiƙa ko'ina, ba za a gane ƙofar da yake shiga ba. Ruwa ɓarawo ne, inda ya fito ba nan ya shiga ba. Buta ba ta kai rabi ba yaron ciki ya buga gilashi. Kusurwa biyu na ƙasa duka suna sha.

Sai tsoho ya ɗaga leɓen robar da ta kewaye gilashin, ya soka basilla. Basilla ta shige kamar cikin tuwo.

Yadda tsatsa ke shiga

Gilashin tsofaffin motoci ba manna shi aka yi ba kamar na motocin yanzu. Baƙar roba ce mai kauri ke riƙe da shi. Robar tana da kwari biyu. Ɗaya ya kama bakin gilashi, ɗaya ya kama bakin ƙarfen motar. Wannan bakin ƙarfe siriri ne, falle biyu ne aka haɗa. Muddin roba na da laushi, fenti kuma na rufe da ƙarfe, ruwa bai samun hanya.

Rana ce ke fara ɓarna. Zafin bazara na busar da roba, ta yi tauri, ta tsattsage, ta janye daga ƙarfe. Hunturu ya zo da ƙura, ta shige ƙarƙashin roba ta zauna. Hanya mai gargada tana girgiza mota, ƙurar nan na gogar fenti kamar yadda ake goge ƙwarya da yashi, har ƙarfe ya fito fili. Da damana ta sauka, ƙura ta sha ruwa ta zama laka. Jikin mota na waje yana bushewa cikin awa ɗaya. Lakar da ke ɓoye ƙarƙashin roba kuwa sai ta yi kwanaki da danshi.

Abu uku ke haɗuwa su haifi tsatsa: ƙarfe, da ruwa, da iska. Duk manomin da ya taɓa mance hauya a gona ya san haka. Gishiri na ƙara mata sauri, haka ma takin zamani. Saboda haka motocin da aka sayo tsofaffi daga Turai sukan zo da ciwonsu, don can ana watsa gishiri bisa hanya lokacin sanyi don narkar da ƙanƙara.

Tsatsa kuma tana kumbura. Ta fi ƙarfen da ta ci cin wuri. Sai ta tura roba ta ɗaga ta, ƙofa ta ƙara buɗewa, ruwa ya ƙara shiga. Wani lokaci takan matse bakin gilashi har ya tsage ba wanda ya jefe shi. Kusurwoyin ƙasa ne ke fara ruɓewa, don nan ruwa ke taruwa. Alamar farko ita ce fenti ya yi ƙuraje gefen roba. Wanda ya ga ƙurji ɗaya a waje, ya sani abin da ke ciki ya fi haka, kamar gara cikin azara.

Sabulu da kwalta da danƙon da direba ya yi ta shafawa, tsohon ya ce su suka ƙarasa ƙarfen. Sun rufe sama, sun kulle danshi a ciki, bai da hanyar fita. Farin danƙon nan mai warin tsami ma shi kansa yana cin ƙarfe.

Ruwan da ya shiga bai tsaya nan ba. Da aka ɗaga shimfiɗar ƙasa, daɓen motar wajen ƙafar direba ya yi laushi, akwai huda wadda ake hango ƙasa ta cikinta. Tsohon ya kuma duba ƴan ramukan da ke fitar da ruwa daga ƙarƙashin gilashi, wato indararon mota. Ganyen bedi da ƙasa sun toshe su. Ya fi damuwa da ginshiƙai biyu na gefen gilashi. Su ke ɗauke da rufin. In mota ta kife, su ne tsakanin kan direba da ƙasa. Ya ƙwanƙwasa su da guduma, suka yi ƙara mai kyau. Tsatsa ba ta kai can ba tukuna.

Ciniki

Gyara iri biyu ne, tsohon ya faɗa wa direba gaskiya. Akwai na yini ɗaya: a kankare sama-sama, a cika ramu da mastik, a shafa fenti, mota ta yi kyau kamar amarya. Kuɗinsa kaɗan ne. Amma mastik bai da ƙarfin riƙe gilashi, tsatsa kuma na ci gaba da aikinta a ƙarƙashi. Baɗi war haka sai ya faɗo gaba ɗaya. Akwai kuma na kwana huɗu ko biyar: a fidda gilashi, a yanke ruɓaɓɓen ƙarfe, a sa sabo.

Direba ya yi shiru. Kwana biyar na nufin kasuwar Juma'a ta wuce shi. Lokacin kuwa tsakiyar damana ne, rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba, kowa na neman na cefane. Ya ce: "Maigida, a yi mini ƙaramin, in kaka ta yi sai in dawo." Tsohon ya ce ya ji wannan magana daga bakin mutane da yawa, in kaka ta yi ruwa ya ɗauke, yoyo ya tsaya, ba mai dawowa. Ya ƙara da cewa wannan aiki na bazara ne, lokacin da ake yaɓen ɗaki da gyaran rumbu, ba na Agusta ba. Amma tunda an makara, gara yau da gobe.

A nan tsohon ya fi direba gaskiya, ko da yake ba shi ne zai kwana biyar babu ciniki ba. Direba ya aika gida a sayar da tunkiya.

Aikin

Da safe aka cire wayar batir, aka fidda mashafan gilashi. Fidda gilashi shi ne wurin haɗari. Wasu sukan zauna cikin mota su tura shi da tafin ƙafa don su tsirar da roba. Tsohon bai yarda ba. Ya sa wuƙa ya yanke tsohuwar roba, gilashi ya fito salin-alin. Roba ta riga ta mutu, kuma samun ta ya fi samun gilashin 404 sauƙi. Gilashin mota iri biyu ne. Akwai wanda in ya fashe yake wargajewa gaba ɗaya kamar tsakuwa. Akwai mai falle biyu da leda a tsakani, wanda ke tsagewa amma bai zubewa. Na biyun ya fi tsare rai. Ko wanne ne, an jingine shi bisa tsohuwar taya cikin inuwa, aka hana yara zuwa kusa.

Da gilashi ya fita sai ɓarna ta bayyana. Bakin ƙarfen na ƙasa ya zama kamar busasshen ganye, ana taɓawa yana marmashewa. Yara suka kama kankara da buroshin ƙarfe da takardar goge, har sai da farin ƙarfe ya fito yana ƙyalli. Inda ƙarfe ke da sauran kauri aka bar shi. Inda ya huje ko ya yi siriri, tsohon ya zana da alli, ya yanke har ya shiga lafiyayyen wuri, kamar yadda ake yanke ruɓaɓɓen gefen kabewa.

Sabon ƙarfen daga murfin wata matacciyar mota aka yanko shi, don kaurinsu ɗaya. Tsohon ya fara yanka kwali daidai da ramin, ya ɗora bisa ƙarfe ya fitar da siffa. Ya yi ta bugu da ƙaramar guduma bisa guntun dogo har ya lanƙwasa daidai da kusurwa. Wannan shi ne ya cinye yini guda.

Kafin a kunna wuta aka janye wayoyi, aka rufe allon gaba da kujera da jiƙaƙƙun buhunan gyaɗa, aka ajiye bokitin ruwa kusa. Mota na da mai a ciki, walda kuwa wuta ce. Tsohon bai ja walda a miƙe ba. Ya ɗiga nan, ya tsallaka ya ɗiga can, ya jira ya huce, ya dawo. Siririn ƙarfe in ya sha zafi wuri ɗaya yana murɗewa. In bakin ya murɗe ko da kaurin tsinke ne, gilashi ba zai zauna ba, ko ya zauna ya fashe a gargada ta farko. Sau uku ana ɗauko gilashin ana gwadawa ana mayarwa. Abu ɗaya dai bai yi kyau ba a garejin: yaran na kallon wutar walda da ido tsirara, tabarau ɗaya ne, yana fuskar maigida.

Aka goge waldar ta yi sumul. Tsohon ya sa yaro ya haska tocila daga ciki, shi yana dubawa daga waje, ko akwai ƴar huda da ta rage. An samu biyu, aka toshe. Sannan aka shafa jan fenti mai hana tsatsa, ciki da waje, har bayan ƙarfen inda ido bai gani. Aka bari ya bushe, aka sake shafawa, aka bi da fentin mota. Sai a nan aka taɓa mastik, ɗan kaɗan, don daidaita fuskar waje. Da damana fenti na jinkirin bushewa. Direba ya ƙosa, tsohon ya ce a ƙara kwana. An yi amfani da kwanan aka faci daɓen, aka zure indararo da waya.

Mayar da gilashi abin kallo ne. Aka sa masa sabuwar roba wadda ta sha rana ta yi laushi. Aka ɗauko igiya siririya mai ƙarfi, aka cusa ta cikin kwarin robar, ta kewaye gilashin duka, bakinta biyu suka haɗu a tsakiyar ƙasa. Aka shafa ruwan sabulu. Yara biyu suka ɗora gilashi daga waje, suna dannawa da tafin hannu, ba bugu. Tsohon na ciki yana jan igiya sannu-sannu. Duk inda igiya ta fita, leɓen roba na hawa bisa bakin ƙarfe ya kama. A kusurwa ya fi yin hankali, yana juya igiya kamar mai tuƙa zare. Da igiya ta fita duka, gilashi ya zauna daram.

Aka koma ga buta. Wannan karon direba da kansa ya zauna ciki, ya ce a zuba bokiti. Aka zuba uku. Ya bi kusurwoyi da yatsa, ya leƙa ƙarƙashin allo, ya shafa daɓe. A bushe.

Kafin su rabu tsohon ya gaya masa abin da zai riƙa yi. Ya ajiye mota cikin inuwa ko ya rufe gilashi da buhu, don rana ce abokiyar gabar roba. Ƙarshen hunturu ya ɗaga leɓen roba ya share ƙura. Bayan ruwa ya fidda shimfiɗar ƙasa ta sha iska. Kada ya ɗora buhun gishiri ko na taki a gaba. Kada ya ɗaure kaya bisa rufin ɗakin direba, nauyi na murɗa ginshiƙai. In ya ga ƙurji ɗaya a fenti ya zo tun yana ƙarami. Wani manomi da ya kawo amalankensa walda yana tsaye yana ji, ya ce ashe ciwon mota da na garma ɗaya ne, shi ma bara ya bar tasa cikin ruwa.

Ranar Asabar da hantsi motar ta bar Maraɗi. Ta ɗauko buhunan siminti biyu, da kwanon rufi, da ƴan makaranta uku, da tsohuwar nan da jikanta, wanda aka sake rubuta wa takarda aka ba shi magani. Sun wuce Cadawa, sun juya arewa. Wajen la'asar gabas ta sake yin baƙi. Tsohuwa ta lalubo tsumman nan ta riƙe a hannu, tana kallon kusurwar gilashi. Har suka tsallake Gulbin Kaba ana ruwa, tsumman bai jiƙe ba.